Tambayar Tsaro

Ƙarfe biyun dare a Sheffield,
ruwa na ƙwanƙwasa tagar kicin
kamar mai bin bashin da ya san ina ciki.
Na dawo daga aikin asibiti, ƙafafuna sun yi tsami,
na buɗe kwamfutar Garzali
don in biya kuɗin gas.

Sai ga saƙo, farin rubutu a kan shuɗi:
daga watan gobe
wannan na'ura ba za ta ƙara samun sabuntawa ba.
Wai ta tsufa.
Wai ƙofofinta za su kwana a buɗe,
duk ɓarawon da ke da haƙuri zai shigo.

Shekara tara tana kan teburin nan.
Harafin "a" ya goge, yatsansa ne ya cinye shi.
Ga tabon mai a gefen madannai
tun ranar da yake cin ƙosai da hannu ɗaya
yana rubuta wa kansila wasiƙa
a kan sharar da aka yi mako biyu ba a kwashe ba.

Da can in na manta kalmar sirri
sai ta tambaye ni cikin ladabi:
Mene ne sunan dabbar da ka fara kiwo?
Zakara ne. Alƙali.
Jan zakara mai ido ɗaya
da ke raba faɗan kaji a gidan kakarsa.
A layin biza ya ba ni labarin,
muna tsaye tun asuba, na yi dariya har mai gadi ya harare mu.

Yanzu sun soke tambayoyin.
Wai babu tsaro a cikinsu, kowa na iya cankar amsa.
Kowa?
Wa ya san Alƙali a duk ƙasar nan in ba ni ba?

Sai dai su tura lambobi shida zuwa wayarsa,
layin da kamfani ya rufe wata uku bayan jana'iza.
Na taɓa kira sau ɗaya.
Wani yaro ya ɗauka, ana kallon ƙwallo a bayansa,
ya ce ba ya nan, ba a san shi ba.
Na ce haka ne. Na gode.

Da safe na naɗe ta a tawul kamar jinjira
na kai shagon Mista Pritchard, kusa da tashar bas.
Ya ɗaga tabarau, ya saurari kukan fankarta.
Ya ce lafiyarta lau, Uwargida,
duniya ce ta yi gaba ta bar ta.
Ki raba ta da intanet, za ta rayu.
Ya kwashe mini hotuna dubu huɗu
cikin wani abu da bai kai ɗan yatsa ba.
Fam goma sha biyar. Ya ƙi karɓa.

Zinatu ta bugo daga Leeds:
Mama, ki sayi sabuwa mana,
ta yanzu ba ta tambayar komai,
fuskarki kawai za ta gani ta buɗe.
Na ce to.
Ban gaya mata ba, ni tambayar nake so.
Gidan da ba a cewa wane ne
ai ba sallama a cikinsa.

Daren nan ma ruwa bai fasa ba.
Na dafa shayi, na manta na zuba kofi biyu.
Saƙon ya dawo da maɓallansa:
ɗaya ya ce Yanzu,
ɗaya ya ce Tuna mini daga baya.

Na ɗora yatsa inda nasa ya saba zama.
Wurin da ɗumi, ko da yake na san batir ne.
Na danna na biyun.