Fallen Sifirin

Akori-kurar da Baba ya bari
ta karkata hagu kamar mai sauraron raɗa.
Shekara ashirin tana dakon rake da tattasai
daga fadamar Galma zuwa kasuwar Sabon Gari,
har ƙugunta ya kwanta.
In ta taka rami, a haƙorinka za ka ji.

Na kai ta Kwangila, wajen Jatau.
Ko gaisuwa ba mu gama ba
ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta,
ƙafafunsa kaɗai nake gani, silifa ɗaya ya zame.
Daga can ya ce, "Wannan hutu take so."
Na ce, "Kwazazzabo zan kai ta."
Shiru.
Sai ya ce a miƙo masa sifana sha tara.

Kwana huɗu tana kan kututture.
Noti ɗaya ya yi taurin kai,
sai da wutar walda ta gasa shi
ya yi ja kamar nunannen gauta, sannan ya saki.
Aka ƙara falle biyu kowane gefe,
shokazoba 'yar gwanjo,
da roba da Ɗanliti ya yanko daga tsohuwar taya.
Da aka sauke jak ta miƙe,
ta ƙaru da taƙi guda,
sai da na kama ƙofa kafin na hau.

Fallen da ya karye ban bar shi a gareji ba.
Na kai wa maƙeri a Tudun Wada,
ya mayar mini da shi adda.

Ladidi ta ce, "Ga gado, ga gidan sauro,
za ka je ka kwana a rami kamar gafiya?"
Amma ita ta ƙunsa mana dambun nama,
ita ta cusa wa Mujittafa rigar sanyi a jaka.

Bayan la'asar muka wuce Wusasa,
Kufena ya ba mu baya,
hanya ta gaji ta koma sawun shanu.
Giya ɗaya.
Nan ruwa ya daɗe yana cin ƙasa,
ya bar bango ja, tsayin mutum uku,
saiwar ɗorawa na reto a jikinsa kamar igiyar guga.
Taya ɗaya ta hau dutse, ɗaya ta nutse a yashi.
Na jira ƙarar nan da na sani tun ina ɗan firamare,
ƙarfe kan ƙarfe,
wadda Baba ke amsawa da "Sannu, tsohuwa."
Ba ta zo ba.
Motar ta lanƙwasa, ta haɗiye, ta wuce.
Mujittafa ya yi tafi.
Ni na riƙe sitiyari.

Ba mu sauka a tsakiyar kwarin ba,
ruwan da aka yi a nesa ba ya sallama in zai zo.
Muka hau fako, muka ɗaure tamfol
daga bodi zuwa reshen kanya.
Na sari busasshen icce,
addar ta kuskure ta daki dutse,
ga ƙarar.
Yaron ya ce, "Baba, ka yanke ne?"
Na ce ya duba shayi.

Fitilun Zariya can ƙasan sama, kamar garwashin da aka manta.
Inji na hucewa, ƙas, ƙas.
Muka kwanta a bayan mota,
daidai take, ko ruwan kofi bai karkata ba.
Shi ya yi barci da dambu a hannu.
Ni na juya, na sake juyawa,
na ƙirga kukan wani tsuntsu har na ɓace.

Can tsakar dare na sauka ba takalmi,
na mirgino dutse gaban tayar dama,
na tayar da ita a hankali, na hau.
Ta karkata hagu.
Yaron ya gangaro jikina bai farka ba.

Kiran asuba daga wani ƙauye ne ya tashe ni.