Kofin Oga Barau

Sista Lantana ta kawo motarta ranar Talata,
ta tsaya ƙarƙashin dalbejiyar garejinmu a Muciya,
ta ce, "Barau, na gaji.
Sau uku ana yi mini balansin a Kwangila,
na sayi taya biyu, kuɗin adashena kaf,
amma da na wuce Samaru na miƙi hanyar Shika
sai ta kama karkarwa."

Oga bai taɓa sifana ba tukuna.
Tambaya ya fara:
"A sitiyari kike jin ta, ko a kujera?
In kin taka burki fa?
In kin ɗaga ƙafa daga totur, tana dainawa?"

Ta yi shiru. Ba wanda ya taɓa tambayarta haka.

Ni kuwa na san abin da ba ta sani ba.
Shekara biyu ke nan hannun daman ogana
yake rawa ba kiɗa.
Hannun da a da yakan ɗora a kan giya
ya faɗi ciwon mota kafin mai ita ya rufe baki,
yanzu in ya dafa bai san wa ke kyarma ba,
shi ne, ko ƙarfen da yake dafawa.

Ya ce, "Jatau, ɗauko kofin silba."
Na cika shi da ruwan randa,
na ɗaure shi da robar tib a gindin giya.
Sista ta ja, muka hau titi.

Sittin, ruwa na barci.
Saba'in, ya yamutsa fuska.
Tamanin, ya tashi ya jiƙa mini wando.
"Saki totur!"
Ta saki. Mota na gudunta, ruwa ya koma kwanciya.

Oga ya ce, "Taya ba ta san totur ba.
Da ita ce, ba ruwanta da ƙafarki.
Shaf ne, kan ciki, inda ya shiga giya.
Sai an ɗora masa kaya yake kokawa."

Muka ɗaga ta a jak, na shige da baya.
Roba ta yage tun ban san yaushe ba,
giris ya watse, yashin damina ya maye gurbi.
Na girgiza shi, ya ce ƙwas, ƙwas,
kamar haƙorin tsoho da ke shirin fita.

Na hau acaɓa zuwa Sabon Gari,
Ikenna ya rantse wannan Beljiyam ne, jiya aka sauke.
Oga ya bi bakinsa da farce yana ƙirgawa:
"Haƙori ɗaya ya yi yawa. Koma."
Na koma cikin yayyafi, ina ƙunƙuni.
Na biyun ya shiga, ya ce ƙas, ya zauna.

Saura babban noti.
Oga ya ɗauka, ya kai bakin zare, ya faɗi.
Ya ɗauka, ya faɗi.
A na uku ya miƙo mini, bai dube ni ba,
na ɗaure, na zura bututu a sifana, na hau na taka.

Sista na kan benci. Ta gani.

Tamanin, casa'in, ɗari,
ruwa ko motsi, har muka juyo daga Shika.

Ta ƙirga kuɗi ta ba shi, ba ta saki hannun ba.
"Yaushe ta fara?
In kana aiki take yi, ko in kana hutawa?"

Oga ya yi dariyar da ba ta kai ido ba:
"Wannan kam Ikenna ba shi da irinsa."
Ta ce, "Alhamis, ƙarfe takwas, ka neme ni."

Ranar Alhamis na tarar ya riga ni gareji,
yana goge farce da fetur da omo,
farin kaftani rataye a reshen dalbejiya.
Ya jefo mini makulli, ya ce,
"Kofin yana kan randa. Kada ka yi saurin kwancewa."