Gyartai Mai Maki Ɗaya

Bayan isha'i, a rumfar cajin waya ta Talle,
can ƙarshen layin 'yan tumatir a Auyo,
mukan baje takardar buhun siminti a kan benci,
'ya'yan ludo biyu, da fensir da fira ta cinye rabinsa.
Cindo ne mai jan labari.
Shi ne dajin, shi ne kogin,
shi ne duk wanda za mu tarar a hanya.

Ya ce, kowa maki goma sha biyu,
ku raba, ku gina wanda za ku shiga da shi.

Barmani ya zuba takwas a ƙarfi:
ɗan tauri, wuƙa na ganinsa ta lanƙwashe.
Sallau ya ɗauki maharbi mai layar zana.
Lantana, da ke karɓar kuɗin caji,
ta ce a rubuta mata mai kiran guguwa.

Ni na ce, gyartai.
Ƙarfi, ɗaya.
Gudu, ɗaya, gwiwarsa kan yi tsami in hadari ya haɗu.
Makami, basilla da ƙullin zare.
Sauran goman na zuba su inda ba a tambaya:
haƙuri, da sanin inda tsaga za ta bi.

Har Talle sai da ya ajiye wayar mutane ya yi dariya.
Cindo ya duba littafinsa, babu layin gyartai,
ya lashi bakin fensir, ya ja layin da kansa.

Mako uku ina bayan ayari.
Kura ta biyo mu, na jefa, ɗaya da ɗaya,
na faɗa ramin rini.
A kasuwar aljanu aka sace min takalmi, ƙafa guda.
Sau biyu Barmani na goya ni yana ƙunƙuni,
kuma tun daga nan ɗan taurin nan,
da ba shi da komai sai damtse,
ya samu abin da yake waiwayowa ya duba.

Sai daren da muka iso bakin kogi.
Ambaliya ta tafi da gada, babu kwalekwale,
sai gorar masunta guda, tsagaggiya daga wuya har ciki.
Layar zana ba ta ɓoye mutum daga ruwa.
Tauri ba ya iyo.
Lantana ta buɗe baki za ta kira iska, ta fasa.

Janareto ya yi tari ya mutu.
Aka haska min benci da waya.
Na girgiza, na jefa:
uku da biyu.

Cindo ya daɗe yana kallonsu.
Ya ce, ɗinki ya kama, amma tana yoyo.
Ɗaya bayan ɗaya za ta ɗauka,
a na huɗu za ta buɗe.

Na ce su haye.
Gyartai ya zauna a gaɓar nan yana naɗe sauran zarensa.

Ban gaya musu ba,
basillar tana gidanmu, cikin gwangwanin madara,
tun shekarar da roba ta cika kasuwa
Baba ya daina zaga ƙauyuka yana kira.
Ya ɗinke ƙorai sun fi gashin kaina,
ban taɓa ganin an riƙe numfashi ana jiran hannunsa ba.
A daren nan mutum biyar suka riƙe.

Jiya Cindo ya miƙo min sabuwar takarda.
Sha biyu, in ji shi, wannan karon ka ji tausayinmu.
Ina tunanin wani mai gyaran fitilar ƙwai,
ido ɗaya, ga tsoron duhu.
Barmani ya dafe kai, ya ce wallahi ba zai goya ba,
sannan na ga ya goge takwas ɗinsa,
ya mai da shi tara.