Bahon Wanki

A Asunción, cikin watan Janairu,
rana ba fitowa take yi ba, faɗowa take yi.
Ƙarfe biyu, ciyawar fili ta kwanta rub da ciki,
kwalta na danƙo a tafin takalmi,
karnuka ma sun shige ƙarƙashin motoci.

Ni ne mai ɗaukar ruwan ƙungiya.
Sunana Fulgencio,
amma "Tsoho, ruwa!" suka sani.

Wilfrido kwanansa uku da dawowa
daga can kudu, inda iska ke yankan kunne,
inda ubansa ke sausayar tumaki.
Na ce wa koci Anastasio,
"Jiki ba ya koyon zafi rana ɗaya.
Ba shi mako biyu, kaɗan-kaɗan, da sanyin safiya."
Ya ce gasa ba ta jiran kowa.
Na haɗiye sauran maganata, na ja jarkata.

A zagaye na tara yaron ya fara tangaɗi
kamar maraƙin da aka haifa yanzu.
Ya buga ƙwallo inda babu kowa.
Ya dube ni, ya kira ni da sunan kakansa.
Gabana ya faɗi kafin shi ya faɗi.

Na taɓa wuyansa: murhu.

Wani na cewa a ɗauke shi, wani na fifita da kwali,
wani ya kai masa gora baki.
Liduvina, nas ɗinmu, ta ture hannun:
"Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a yi masa ɗura.
Ku kira motar asibiti,
amma gobarar nan, a nan za mu fara kashe ta."

Babu abin da muke da shi sai bahon wankin riguna.
Petrona, mai sayar da shayin sanyi a bakin ƙofa,
ta juye ƙanƙarar cinikinta kaf,
ba ta tambayi wa zai biya ba.
Muka tuɓe masa riga da takalma,
muka tsoma shi har wuya.
Na zura tawul a hammatarsa don kada kai ya nutse,
ɗaya hannun ina dama ruwa,
ina damawa,
har yatsuna suka daina zama nawa.

Ban taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba.
Koci na tsaye, usur na lilo a ƙirjinsa,
ya rasa wanda zai busa wa.

Can sai ido ya buɗe.
Ya ce, "Su wa suka ci?"
Petrona ta fara dariya, ta ƙarasa da kuka.
Sannan motar ta tafi da shi.

Yanzu biyar da rabi na asuba muke fita.
Duk minti ashirin, inuwa da ruwa, da ɗan gishiri a ciki.
Na koya wa yara duban fitsarinsu:
in ya yi duhu, jiki na bin ka bashi.
Wanda kansa ya sara, ya faɗa, ba ragwanta ba ce.

Wilfrido ya dawo da takardar likita,
yana gudu a hankali, kamar mai tambayar ƙasa izini.

Ban ce wa koci "ai na faɗa maka" ba.
Kullum shi ke sauke buhun ƙanƙara daga motarsa,
ya ajiye kusa da bahon,
ba ya duban idona.