Darasin Ƙarshe na Ranar Alhamis

Tun gwamnati ba ta gina mana aji a Mai Wurno ba
kakata Gambo ke zane ƙwarya da wuƙa mai zafi,
ta fitar da ƙadangare, ta fitar da sawun zabo,
ba ta taɓa kiran abin nan darasi ba.

Sai ga ɗakuna huɗu na jan bulo,
da guntun ƙarfe rataye a reshen darbejiya.
Aka yanka yini gunduwa-gunduwa:
lissafi da sassafe, Larabci na biye,
zane kuwa aka tura shi can ƙurya,
darasin ƙarshe na ranar Alhamis,
sa'ad da ciki ke kiran ciroma.

Ustaz Abdulbagi daga Sinja ya zo mana,
da tabon shuɗi a aljihun jallabiya.
Akwatin fentin ma'aikata kullum yana hanya,
har muka gama bai iso ba.
Sai ya jiƙa zoɓo, ya ce, ga ja.
Bular wanki, ga sararin sama.
Kunkunniya da ƙaro, ga baƙin da ba ya sakin takarda.
Yumɓu kam, Nilu bai taɓa yi mana rowa ba.

Ya ɗora tulu a tebur, ya ce mu zana.
Na yi da'ira, na sa mata wuya, na miƙa.
Ya ce, "Sitana, wannan tulun da ke kanki ne.
Ni na gabanki nake so.
Dubi bakinsa, ya ɓare ta hagu,
dubi gefen da yake gumi."
Shekara tara ina kallo,
ashe ban fara gani ba.

Na girma, na riƙe alli a ajin nan dai.
Wata shekara takarda ta zo da hatimi,
jarrabawa ba ta tambayar launi,
aka ba lissafi Alhamis ɗin.
Ɗakin zane ya koma ma'ajiyar karyayyun benci.
Ban yi gardama ba. Ina da 'ya'ya, albashi na jinkiri.

Da yaƙi ya koro mutane daga arewa
makaranta ta zama masauki,
tabarmi a ƙarƙashin allo, tukwane a farfajiya.
Cikinsu akwai yaro, bai fi shida ba,
an tsinto shi a tasha, an jefa shi a mota.
Ba suna, ba kuka, kwana goma sha ɗaya.
Likita ya duba harshensa, lafiya lau.

Na miƙa masa gawayi, don ba ni da wani abin bayarwa.

Ya je bangon aji na uku.
Ƙofa ya fara yi, da faci a ƙasanta,
sai tankin ruwa mai karkatacciyar ƙafa,
hasumiyar da ba a gama ba,
da keken ɗinki a bakin zaure, babba, ya fi gidan.

Hajja Bakhita tana tuƙa asida, ta ɗago,
muciya a hannu ta taso.
"Wannan ai tankin unguwarmu ne!
Wannan ƙofar Tijjani tela ce!"
Aka nemi waya mai caji, aka hau rufi neman sabis.
Kwana uku, ga wata mata ta sauko daga akori-kura
babu takalmi a ƙafa ɗaya.
Sunansa Mu'awiya.

Ban ce gawayi ya tsayar da harsashi ba.
Ustaz ya rasu tuntuni, ban san ma kabarinsa ba.
Abin da na sani, yaron nan ya duba ƙofarsu
yadda aka koya mini duban tulu,
ban kuwa san wa ya koya masa ba.

Jiya mai duba makarantu ya ce a shafe bangon da farar ƙasa.
Na ce to.
Na jiƙa zoɓo kwano biyu,
gobe Alhamis.