Shebur da Cokali

Shekara goma sha tara ina ciyar da wuta.
Daga tashar Zariya zuwa Ƙaura, a juyo,
ni ne mai shebur a bayan direba.
Kwal ɗin Inugu, baƙi ƙirin,
in kamfata, in watsa, tukunya ta yi gurnani,
hayaƙi ya tsaya kan Sabon Gari
har matan layin dogo su kwashe shanya suna tsine mana.

Tanimu, abokin aikina, tari ya tafi da shi.
Ni ma an bar mini rabona:
in na yi kaki da asuba
sai in ga kamar jirgin bai gama wucewa ba.

Jiya Barira, 'yar ɗana, ta kai ni Samaru,
ta sa mini farar riga,
ni da ban taɓa aiki da fari ba.
Ta nuna mini wani abu, bai kai tukunyar mai shayi ba.
Ta ɗebo garin kwal a cokali. Cokali!
Na ce, ina ashana?
Ta ce, Kaka, ba ƙona shi za mu yi ba.

Wai narkakken gishiri ne a ciki, mai zafin maƙera,
kwal a nan, iska a can,
an raba su kamar masu gaba,
saƙonsu sai ta waya.
Saƙon nan, in ji ta, shi ne lantarki.
Numfashin da ya saura kuwa
ba a sakin sa ya bi gari, a tulun ƙarfe ake tara shi.

Na baza hanci, ban ji ƙauri ba.
Na dubi rufi, fari tas.
Sai wani ɗan ƙwai ya kama,
ja-ja tukuna, sannan ya washe.

Ta ce kada in yi saurin murna,
toka na toshe shi, ba ya wuce kwana uku.
Na ce, toka? Tsohuwar abokiyar faɗa ce,
ku gaishe ta.

Da za mu fito na dangwali garin da yatsa.
Shi ne dai, baƙin nan da na sani.
Shekara da shekaru ina yi masa tsawa da wuta,
ashe ko an tambaye shi a hankali
zai bayar.

Daidai Kwangila aka ɗauke wuta.
Barira ta ja tsaki.
Ni ina kallon yatsana.