Lemo a Kan Tebur

Lemo ne ya fara tona asirin.
Na ajiye shi a kan teburin tirela,
ya ɗan yi tunani,
ya gangara hagu, ya faɗo,
ya shige ƙarƙashin gado kamar ana binsa bashi.

Lowell ya ce filin ne a karkace.
Muka ja ta zuwa wani filin.
Lemo bai sake shawara ba.

Wata huɗu ke nan da sayenta.
Ledar katifa ma ba mu gama yagewa ba,
ƙamshin gam da sabon katako yana nan a labule.
Gida mai taya huɗu:
gumin shekara talatin da ɗaya
ina tuƙa motar 'yan makaranta
cikin ƙanƙarar Dakota ta Arewa,
da kuɗin gonar da gwiwar Lowell ta ce ya isa haka.

Na shimfiɗa kwali, na kwanta rigingine, na shiga.
Ni da sifirin ba yau muka saba ba.
Lafiyayye falle ne a kan falle,
a lanƙwashe kamar jinjirin wata,
ƙahonsa biyu suna duban sama.
Wannan ya miƙe samɓal.
Na hagu har ya soma kifewa.
Na cusa hannu tsakanin taya da rufinta,
yatsa biyu, da ƙyar,
kuma roba ta riga ta shafa wa rufin baƙi.

Yaron kamfani, Tanner, akwai daɗin baki.
Ya ce, Madam, haka sababbi suke, sai sun zauna.
Na ce, wannan ta wuce zama, kwanciya ta yi.
Ya ce, to, kun cika mata kaya,
garanti ba ya biyan laifin mai lodi.

Muka kai ta sikelin masu alkama.
Gudrun ta leƙo ta taga, ta miƙo takarda:
fam dubu biyar da ɗari huɗu.
Tambarin jikin tirelar ya rantse
za ta ɗauki dubu bakwai.

Duk da haka da dare
na tarar da Lowell yana sauke kaya shiru.
Tukunyar ƙarfe ta mahaifiyata a kan ciyawa,
ƙugiyoyin kifi, injin ɗinkina,
da kujera ta ukun nan
da muke ɗauka ko yaron zai ce zai biyo mu.
Shi haka yake:
in abu ya lalace, kansa yake fara tuhuma.
Na ce, mayar.
Tukunya ba ta ci zomon nan ba,
ba za a rataya mata ƙafarsa ba.

Tsoho Arvid, mai garejin bayan layin dogo,
ya kwance sifirin ya ƙwanƙwasa da guduma,
ya kara kunne kamar mai zaɓen kankana.
Ya ce, tun a wuta aka cuce shi.
An sauke shi bai nuna ba.
Ya ɗaura masu falle biyar,
ya shafa maiko, ya ƙulle noti,
dala ɗari shida da arba'in, daga aljihunmu.

Lowell ya durƙusa da tef zai auna.
Inci biyu ta tashi, ya ce,
sai ya nemi tashi shi ma.
Na ga hannunsa yana laluben taya,
na ga bayansa,
na kau da kai kamar ina karanta rasit.
Arvid ba ya sayar da irin wannan.

Wasiƙa uku na aika wa kamfani.
Har yau suna nazari.

Tsohon sifirin yana bakin ƙofar gida,
muna kankare laka daga takalma da shi.
A nan dai ya iya aikinsa.

Jiya a bakin tafkin Sakakawea
na sake ɗora lemo a kan tebur.
Muka zuba masa ido, mu biyu,
har shayi ya huce.
Bai motsa ba.
Lowell ya ɓare shi,
ya ba ni rabin da ya fi girma.